Futur Antérieur: Yadda Faransanci Ke Tsayawa a Gobe Ya Waiwayo Baya

A watan Disamba na 2024 aka sake buɗe majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris, wadda gobara ta cinye rufinta ranar 15 ga Afrilu 2019. Ɗan jaridar Faransa da ke son taƙaita labarin a layi guda, jimlar da za ta fi saurin zuwa bakin alƙalaminsa ita ce irin wannan: *Il aura fallu cinq ans*, wato sai da aka ɗauki shekara biyar. Aiki ya ƙare, an buɗe ƙofa, jama'a sun shiga. Amma kalmar *aura* da ke tsakiyar jimlar sigar lokaci mai zuwa ce, wadda ɗalibi ya haddace tun farkon karatu da ma'anar "zai samu". To me ya kawo maganar gobe cikin labarin abin da ya riga ya wuce?

Wannan na cikin ruɗanin da ke tattare da lokacin da Faransawa ke kira *futur antérieur*. Littattafan koyo da yawa shafi guda suke ba shi, da jadawali da 'yan misalai, su wuce gaba, sai ɗalibi ya ɗauka haddar jadawalin ita ce aikin. Gina shi kuwa ba wuya. Wahalar tana wajen sanin inda dole a sa shi, da inda aka hana, da abin da yake nufi idan ya ɓullo a wurin da babu wanda ke maganar gobe.

Ma'anar kalmomin

*Futur* na nufin lokaci mai zuwa, *antérieur* kuma wanda ya riga wani. Ana maganar aikin da bai faru ba tukuna, amma zai zamana ya kammala kafin wani lokaci ko wani aiki da shi ma yake gaba. Mai magana yakan zaɓi wata gaɓa a nan gaba, ya je can da tunaninsa ya tsaya, sannan ya waiwayo ya ga aikin a gama. Direban da ya bar Maraɗi da hantsi zai nufi Damagaram, ya ce wa fasinja *À midi, nous aurons dépassé Tessaoua*, ya tsaya ne a kan ƙarfe goma sha biyu yana hango Tasawa a bayansu.

Nahawun Faransanci ya kasa lokutan aikatau, wato kalmar aiki, gida biyu. Akwai *temps simples* masu kalma guda, kamar *je finirai* (zan gama), akwai kuma *temps composés* masu kalma biyu, kamar *j'ai fini* (na gama). A rukuni na biyu, kalmar farko ita ce *auxiliaire*, mataimakin aikatau, wanda ke nuna lokaci da kuma mai aikin. Ta biyu ita ce *participe passé*, sigar aikatau mai nuna cewa aiki ya kammala. Kowane lokaci mai kalma guda yana da abokin tafiya mai kalma biyu, kuma abokin *futur simple*, wato irin *je finirai*, shi ne *futur antérieur*.

Tunanin kansa ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Telan da ya ce "kafin ka dawo daga masallaci na gama" wataƙila bai ko zura zare ba, amma ya ce "na gama", da sigar da zai yi amfani da ita a kan aikin jiya. Hausa ta fi kula da ko aiki ya kammala ko bai kammala ba, sai ta bar wa "kafin" da sauran kalmomin jimla aikin nuna lokaci. Faransanci yana so a ga abubuwan biyu a jikin aikatau: alamar gaba a kan mataimaki, alamar kammala a kan abokinsa.

Yadda ake gina shi

Mataimaka biyu ne kacal, *avoir* da *être*, kuma dukansu ana sa su ne a *futur simple*. Na *avoir* su ne *j'aurai, tu auras, il aura, nous aurons, vous aurez, ils auront*. Na *être* kuma *je serai, tu seras, il sera, nous serons, vous serez, ils seront*. Duk wanda ya iya *passé composé*, wato irin *j'ai fini*, ya gama rabin aiki, domin aikatau ɗin da ya ɗauki *avoir* a can shi zai ɗauka a nan, sigar kammala ma ba ta canzawa: *j'ai parlé* ya koma *j'aurai parlé*, *elle est venue* ya koma *elle sera venue*.

Sigar kammala tana da ƙa'ida ga masu bin ƙa'ida. Masu ƙarewa da *-er* suna komawa *-é* (*parlé*), irin su *finir* suna komawa *-i* (*fini*), irin su *vendre* kuma *-u* (*vendu*). Sai dai aikatau ɗin da aka fi amfani da su kullum su ne suka fi bijirewa, kuma babu dabara sai hadda: *fait, dit, pris, mis, écrit, vu, lu, bu, su, pu, voulu, dû, reçu, ouvert, né, mort*. *Être* da *avoir* kansu, dukansu *avoir* suke ɗauka: *j'aurai été, j'aurai eu*.

Mafi yawan aikatau na *avoir* ne. Masu *être* ƙaramin rukuni ne na zuwa da tafiya da sauyin hali, irin su *aller, venir, arriver, partir, entrer, sortir, monter, descendre, rester, tomber, retourner, naître, mourir, devenir*, sai kuma duk masu tafiya da *se*, kamar *se lever*. Malamai kan ce wa yara "aikatau na motsi", abin da ke taimakawa na ɗan lokaci sannan ya yaudari yaro, domin *marcher, courir* da *voyager* duk motsi ne amma *avoir* suke ɗauka, *rester* kuwa zama ne wuri guda amma na *être* ne. Wasu kuma suna sauya mataimaki gwargwadon aikinsu a jimla. *Elle sera sortie* na nufin za ta kasance ta fita. *Elle aura sorti la voiture* na nufin za ta kasance ta fitar da mota. Da zarar *sortir, monter, descendre, rentrer* ko *retourner* suka samu karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa kai tsaye, sai su koma hannun *avoir*.

Sai batun *accord*, dacewar sigar kammala da jinsi da adadi. Tare da *être* takan bi aikau, wato mai aikin: *il sera parti, elle sera partie, elles seront parties*. Tare da *avoir* ba ta bin aikau ko kaɗan, sai dai ta bi karɓau idan ya rigaye ta a jimla. Ana rubuta *j'aurai écrit les lettres*, amma *les lettres que j'aurai écrites*, kuma a wannan misali kunne ma yana jin bambancin, don *t* ɗin yana fitowa. Masu *se* sun fi rikitarwa: *elle se sera lavée* da dacewa, *elle se sera lavé les mains* babu, saboda hannuwan su ne karɓau kuma sun zo a baya.

Korewa tana rungumar mataimaki ne kaɗai: *je n'aurai pas fini, je n'aurai rien vu*. *Personne* ce ta fita daban, takan koma ƙarshe: *je n'aurai vu personne*. A tambaya ma mataimakin ake juyawa, *auras-tu fini ?*, *aura-t-il fini ?*, wakilan suna kuma suna gabansa: *je le lui aurai dit*.

Wani tarko da ba a cika faɗa ba shi ne, ba duk *sera* mai biye da sigar kammala ba ne *futur antérieur*. *La maison sera vendue* na nufin za a sayar da gidan, *futur simple* ne a sigar da ba a ambaci mai aikin ba. Idan ana son a ce kafin lokacin an riga an sayar, sai an ƙara kalma ta uku: *la maison aura été vendue*.

Daga ina ya fito

Latin, uwar Faransanci, tana da irin wannan lokaci da kalma guda: *amavero*, zan kasance na so. Faransanci bai gaji wannan siga ba, bai ma gaji lokaci mai zuwa na Latin ba. Talakawan daular Rum sun riƙa cewa *cantare habeo*, wato ina da waƙar da zan yi, har kalmomin biyu suka manne suka zama *chanterai*. Shi ya sa ɗafa-ƙeyar *futur simple*, *-ai, -as, -a, -ons, -ez, -ont*, suka yi kama da *avoir* a lokaci mai ci: *ai, as, a, avons, avez, ont*. Rantsuwar Strasbourg ta shekarar 842, wadda jikokin Sarki Charlemagne biyu suka yi wa juna, kuma ake lissafa ta a matsayin rubutu mafi daɗewa da ke nuna Faransanci ya rabu da Latin, tuni tana ɗauke da sigogi irin su *salvarai* da *prindrai*. Daga nan harshen ya yi abin da ya yi wa sauran lokutansa, ya ɗora mataimaki a gaban sigar kammala. Mai cewa *j'aurai chanté* ya faɗi *avoir* sau biyu ke nan bai sani ba, ɗaya a saiwa ɗaya a ƙeya.

Idan guda ɗaya, ƙofa biyu

Babban gidan *futur antérieur* shi ne bayan mahaɗan lokaci: *quand* da *lorsque* (sa'ad da), *dès que* da *aussitôt que* (da zarar), *une fois que* da *après que* (bayan), da *tant que* (muddin). *Dès que le car sera arrivé, nous partirons*: da zarar mota ta iso za mu tafi. *Tant que vous n'aurez pas payé, vous n'entrerez pas*: muddin ba ku biya ba, ba za ku shiga ba. A nan ba ado ba ne, ma'ana yake ɗauke da ita. A duba jimloli uku masu kalmomi kusan iri ɗaya. *Quand il arrivera, je mangerai*: isowarsa da cin abincina tare za su zo. *Quand il sera arrivé, je mangerai*: sai ya iso tukuna sannan in ci. *Quand il arrivera, j'aurai mangé*: kafin ya iso na riga na ci. Baƙon da aka aika wa ta ukun ya san ba za a jira shi ba.

Ga mai jin Hausa, a nan gizo ke saƙa. "Idan ka gama, ka kira ni" jimla ce da za ta iya nufin abu biyu: ko dai an tabbata zai gama, lokaci kawai ake jira, ko kuma ba a tabbata zai gama ba. Hausa ta bar wa mahalli da murya su raba gardama. Faransanci ya ware wa kowanne kalmarsa, kuma ƙa'idojinsu kishiyoyin juna ne. *Quand* yana neman lokaci mai zuwa: *Quand tu auras fini, tu m'appelleras*. *Si* na sharaɗi kuwa ba ya karɓar lokaci mai zuwa sam: *Si tu as fini avant midi, appelle-moi*. Saboda haka kuskuren yakan zo ta fuska biyu. Wani ya rubuta *quand tu as fini, tu m'appelleras*, don a ransa "ka gama" yake fassarawa. Wani kuma, da ya koyi sabon lokacin ya ji daɗinsa, ya kai shi inda aka hana ya rubuta *si tu auras fini*. Ɗalibin Nijeriya da ya biyo ta Ingilishi bai tsira ba, domin shi ma Ingilishi ba ya sa lokaci mai zuwa bayan mahaɗan lokaci. Harsunansa biyu duk gefe guda suke tura shi.

Akwai gwaji mai sauƙi da Hausar kanta ke bayarwa. Idan za a iya cire "idan" a sa "da zarar" ko "sa'ad da" ma'ana ba ta ɓaci ba, to *quand* ne, kuma aikin da ya fara kammala zai ɗauki *futur antérieur*. Idan kuwa "in har" ko "in dai" ce ta fi dacewa, *si* ne, sai a tsaya a lokaci mai ci ko *passé composé*.

Togaciya guda ce. Akwai wani *si* da ba na sharaɗi ba, wanda Hausa ke fassarawa da "ko": *Je ne sais pas s'il aura fini*, ban sani ba ko zai kasance ya gama. Wannan yana karɓar lokaci mai zuwa lafiya lau.

Ba dole ne a samu aiki na biyu ba. Wa'adi kaɗai ya isa: *D'ici vendredi, j'aurai lu le dossier*, daga nan zuwa Juma'a na karanta takardun.

Sa'ad da ba gobe ake nufi ba

Amfani na biyu shi ne zato. Mace ba ta zo taro ba, sai wani ya ce *Elle aura oublié*. Ba cewa yake za ta manta ba. Yana nufin da alama mantawa ta yi. Haka *il aura manqué son train*, ƙila jirgi ne ya wuce ya bar shi, ko *je me serai trompé*, da alama ni na yi kuskure. Bayanin da masana nahawu suka saba bayarwa shi ne, mai magana yana jingina hukuncinsa ne ga lokacin da gaskiya za ta fito: nan gaba idan aka bincika, za a tarar mantawa ta yi. Abin da ya faru na jiya ne, tabbatar da shi ne ke gaba. A hirar yau da kullum an fi jin *elle a dû oublier*, amma a littattafan labari da bakin masu tsantsar harshe sigar farko tana nan daram.

Na uku shi ne na cikar lissafi, wanda misalin Notre-Dame ya faɗa cikinsa. 'Yan jarida suna matuƙar sonsa a sharhin ƙarshen shekara, da labarin rasuwar manyan mutane, da ƙarshen wasa: *2020 aura été une année difficile*. Da an ce *a été*, labari kawai aka bayar. Da aka ce *aura été*, marubuci ya ja layi a ƙasan shafi, yana cewa idan tarihi ya zo yin hisabi ga abin da zai rubuta. Hausa takan yi wannan da "dai" da "ke nan": shekarar 2020 dai ta zo da wahala ke nan. Wasu editocin suna ganin an cika yawaita shi har ya zama kwalliya, kuma da gaskiyarsu, don sau da yawa *a été* ta wadatar.

Daga wannan tushe ne wasu maganganun baka suka fito. *On aura tout vu !* daidai take da "yau mun ga ikon Allah", ana faɗinta idan abu ya wuce hankali. *Tu l'auras voulu* kuwa gargaɗi ne, kai ka jawo wa kanka.

Na huɗu shi ne harshen doka, kuma ya fi kowanne shafar rayuwar mutane. Dokar hukunta laifuka ta Faransa ta 1810, ta zamanin Napoléon, an gina sassanta da yawa a kan tsari guda: *quiconque aura* tare da laifin, sannan *sera puni* tare da hukuncin, wato duk wanda ya aikata kaza za a hukunta shi da kaza. Hikimar a fili take. Mai rubuta doka yana tsaye a ranar da yake rubutu, laifi da hukunci duk suna gabansa, amma laifin ne zai riga. Faransa ta bar wannan salo a sabuwar dokarta da ta fara aiki ranar 1 ga Maris 1994, ta koma lokaci mai ci, *est puni*. Amma dokar 'yancin jarida ta 29 ga Yuli 1881 tana nan da tsohon salon a sassa da dama, da shi kuma aka rubuta dokar hukunta laifuka ta Nijar ta 1961, wadda aka tsara bisa ta Faransa.

Harafi ɗaya tak

*J'aurai fini* da *j'aurais fini* harafin *s* kaɗai ya raba su a takarda. Ta farko *futur antérieur* ce. Ta biyu *conditionnel passé* ce, sigar "da": *j'aurais fini si tu m'avais aidé*, da ka taimake ni da na gama. Tsohuwar ƙa'idar furuci ta ce *-ai* a rufe ake faɗinsa, *-ais* a buɗe, amma Faransawa da yawa a yau iri ɗaya suke furta su, shi ya sa su ma 'yan gida suke tuntuɓe a rubutu. Maganin shi ne a sauya wakilin suna a zuci. Idan jimlar ta karɓi *nous aurons*, babu *s*. Idan *nous aurions* ta nema, akwai.

A labarai bambancin ya fi haka nauyi. A ɗauki misali: *l'accident aura fait dix morts* na nufin an gama ƙirga, mutum goma ne suka rasu. *L'accident aurait fait dix morts* na nufin ana cewa goma ne, jarida ba ta tabbatar ba, kuma ba ta ɗauki alhakin adadin ba.

Inda ra'ayoyi suka saɓa

Saɓani na farko a kan amfaninsa ne. Wasu malamai suna ganin lokaci ne na littafi, a bar shi sai ɗalibi ya yi nisa, tunda a titi za a ji Bafaranshe na cewa *quand t'as fini, tu m'appelles*, ko *j'ai fini dans cinq minutes*, kowa kuma ya gane. A rubutu ma akwai hanyar kauce masa, kamar *après avoir fini* ko *une fois le travail fini*. A Quebec ta Kanada ana yawan jin *quand je vais avoir fini*. Masu ɗaya ra'ayin suna cewa wannan duk gaskiya ne amma bai kai hujja ba, domin mai cewa *quand t'as fini* da safe shi ne zai ce *quand j'aurai fini mes études* da yamma idan maganar ta yi nisa da yau. Hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi. Ɗalibi yana iya kauce wa faɗinsa, amma ba zai iya hana jarida da kwangila da takardar jarrabawa kawo masa shi ba.

Na biyu a kan *après que* ne. Ƙa'ida ta ce ya ɗauki *indicatif*, yanayin aikatau na abin da ake ɗauka tabbas: *après qu'il aura fini*. Amma tun ƙarni na 20 jama'a suka karkata ga *subjonctif*, yanayin abin da ake fata ko shakka, suna cewa *après qu'il ait fini*, saboda abokinsa *avant que* haka yake tafiya. Académie française, majalisar kula da harshen da aka kafa a 1635, tana nan a kan *indicatif*. Masu nazarin yadda mutane ke magana a zahiri suna cewa al'ada ta riga ta yi nisa. Mai shiga jarrabawa dai gara ya bi majalisar.

Na uku shi ne dacewar sigar kammala bayan *avoir*, wadda ake danganta kafuwarta ga mawaƙi Clément Marot a 1538, bisa koyi da Italiyanci. A watan Satumba na 2018 wasu malamai biyu 'yan Beljiyam, Arnaud Hoedt da Jérôme Piron, suka yi kira a jaridar Libération da a soke ta, suna cewa tana cinye sa'o'in aji masu yawa a kan abin da galibi kunne ba ya ji. An yi ta ce-ce-ku-ce, masu adawa suka ce dacewar tana nuna wa mai karatu abin da aikin ya shafa. Ba a sauya ƙa'idar a makarantu ba.

Akwai kuma mahawarar masana a kan mene ne ainihinsa. Émile Benveniste, a wata maƙala ta 1959 kan lokutan aikatau na Faransanci, ya nuna cewa lokuta masu kalma biyu aiki biyu suke yi: suna nuna kammala idan sun tsaya su kaɗai, suna nuna rigaye idan an jingina su da wani aikatau. Sunan *antérieur* na biyun kawai ya kama. Wanda ya riƙe na farkon, kammala, zai fi saurin gane dalilin da ya sa siga ɗaya ke yin wa'adi da zato da cikar lissafi.

Abin da ruɗanin ke jawowa

A aji, illar maki ce. Littattafan da ke shirya ɗalibai don DELF, shaidar iya Faransanci da ma'aikatar ilimin Faransa ke bayarwa, sukan kawo wannan lokaci ne a tsakanin matakin B1 da B2, inda ake sa ran ɗalibi ya iya jera ayyuka bisa tsari a rubutu. *Si tu auras* guda ɗaya a wasiƙa ya isa ya nuna wa mai duba takarda inda ƙarfin marubuci ya tsaya.

A wajen aji abin ya fi maki. Gidajen rediyo masu juya labarai daga Faransanci zuwa Hausa, irin su sashen Hausa na RFI da ya fara aiki a 2007, kullum suna cin karo da *aura* da *aurait*, kuma dole mai fassara ya san wanne ne "ke nan", wanne ne "rahotanni na cewa", wanne ne "za a". A Nijar, kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Tarin dokoki da hukunce-hukuncen kotu da aka gada suna nan da Faransanci, don haka ana iya sa ran buƙatar juya su zuwa Hausa za ta ƙaru. Mai fassarar da ya ga *quiconque aura détourné* ya rubuta "duk wanda zai karkatar" ya mayar da doka mai hukunta aiki ta zama kamar mai hukunta niyya. Daidai shi ne "duk wanda ya karkatar".

Haka abin yake a kwangila, ko ta ɗan kasuwar Kano ce mai sauke kaya a Kwatano, ko ta magini a Yamai ko Garwa. Sharaɗin da ya ce *le solde sera versé lorsque les marchandises arriveront* ya ɗaure biyan ragowar kuɗi da isowar kaya. Wanda ya ce *lorsque les marchandises auront été vérifiées* ya ɗaure shi da gama duba su, kuma tsakanin isowa da gama dubawa ana iya shafe makonni kaya na zaune a sito kuɗin mai kaya na hannun mai saye.